Koyar da Sababbin Likitocin Iyali Gane Ciwon Damuwa: Nazarin Tsarin Manchester

A tsarin kiwon lafiyar Birtaniya kusan kowane mutum yana da likitan iyali da ya yi rajista a wurinsa, kuma in ba larurar gaggawa ce ta taso ba, ba a ganin ƙwararren likita sai da takarda daga hannun wannan likitan. Saboda haka duk wanda baƙin ciki ya danne, ko fargaba ta hana shi barci, ko shan giya ya fi ƙarfinsa, wurin likitan iyali yake fara zuwa, kuma mafi yawan lokuta a nan maganar take ƙarewa. Wannan nazari ya shafi aikin da sashen ilimin cututtukan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Manchester ya yi daga shekarun 1970 zuwa farkon wannan ƙarni, da farko a ƙarƙashin Farfesa David Goldberg, daga baya kuma a hannun Linda Gask da abokan aikinta, na koya wa likitocin da ke samun horon zama likitocin iyali yadda za su gane irin waɗannan cututtuka su kuma kula da masu su. Lamarin ya cancanci a tsaya a kansa domin waɗanda suka yi aikin sun riƙa auna shi a kowane mataki, sun buga abin da ya yi nasara, kuma ba su ɓoye abin da ya ci tura ba.

Matsalar da aka tarar

A shekarar 1966 Michael Shepherd da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a asibitocin likitocin iyali na Landan. Sun gano cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na mutanen da ke rajista sun je wurin likita a cikin shekara guda da larurar da shi likitan ya ɗauka ta shafi ƙwaƙwalwa, amma kusan ɗaya cikin ashirin ne kawai daga cikinsu aka tura wurin likitan ƙwaƙwalwa. Shawarar da Shepherd ya bayar ita ce, maimakon a zuba ido ana jiran ranar da likitocin ƙwaƙwalwa za su wadata, gara a ƙarfafa likitan iyali, tunda shi ne ke ɗauke da nauyin tun asali.

Goldberg ya ɗora daga nan. Ya tsara wata takardar tambayoyi da aka fi sani da GHQ, wadda mara lafiya zai cike yayin da yake jiran layi, tana tambayarsa game da barcinsa, da natsuwarsa, da yadda yake jin daɗin harkokinsa na yau da kullum a 'yan makonnin da suka wuce. A binciken da ya buga a 1970 tare da Barry Blackwell, an gwada takardar a asibitin da shi Blackwell ke duba marasa lafiya a matsayin likitan iyali, kuma abin da ya ba mutane mamaki shi ne, duk da cewa Blackwell yana da horon likitan ƙwaƙwalwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu larurar sun shiga ɗakinsa sun fita bai gane su ba. Wannan ya nuna tun da wuri cewa ƙarancin karatu ba shi ne dukan matsalar ba. Mutumin da ya san alamomin ciwon damuwa kamar yunwar cikinsa yana iya kasa ganinsu idan mara lafiya ya shigo da maganar ciwon baya, kuma ga mutum goma na jira a waje.

A 1980 Goldberg da Peter Huxley suka zayyana hanyar da mai larurar ƙwaƙwalwa ke bi a matsayin matakai biyar, da rariya huɗu a tsakaninsu. Bisa ƙiyasinsu, a cikin kowane mutum 1,000 a shekara, kimanin 250 ne ke da larurar a cikin al'umma, 230 suna zuwa wurin likitan iyali, 140 likitan yake ganewa, 17 suke kaiwa ga sashen ƙwaƙwalwa, 6 kuma ake kwantarwa. Wanda ya duba waɗannan alƙaluma zai ga cewa rariya ta farko kusan a buɗe take, wato mutane suna zuwa asibiti, amma ana zubar da kusan 90 daga cikin 230 a cikin ɗakin likita. Zai kuma ga cewa likitan ƙwaƙwalwa yana ganin ɗan tsagi ne ƙalilan, kuma shi ne tsagi mafi tsanani.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya sa horon da ake bayarwa a lokacin ya kasa biyan buƙata. Daga farkon shekarun 1980 doka ta wajabta horon shekara uku ga duk mai son zama likitan iyali a Birtaniya, yawanci shekara biyu yana zagaya sassan babban asibiti, shekara guda kuma yana aiki a ƙarƙashin gogaggen likitan iyali. Zama a sashen ƙwaƙwalwa zaɓi ne, da yawa ba sa yi, kuma wanda ya yi yakan ƙare watanninsa ne a ɗakin kwanciya, yana duba masu tsananin taɓin hankali, masu jin muryoyi, da waɗanda aka kawo da ƙarfin doka. Ilimi ne mai amfani, amma idan ya koma asibitin unguwa sai ya daɗe bai ga irin waɗannan ba. Abin da zai gani kowace safiya shi ne matar da ta zo karo na huɗu da ciwon kai, da dattijon da ya daina cin abinci tun rasuwar matarsa, da saurayin da ke jin ƙirjinsa na bugawa yana zaton zuciyarsa ce ta lalace.

Daga auna likita zuwa gyara shi

A binciken da Marks da Goldberg da Hillier suka buga a 1979, an auna likitocin iyali 91 na yankin Manchester da marasa lafiya fiye da 4,000, ta hanyar kwatanta hukuncin likita da abin da takardar tambayoyi ta nuna. Bambancin da ke tsakanin likitoci ya yi yawa ƙwarai. An kuma raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su: yawan saurin likita wajen cewa mutum yana da larurar ƙwaƙwalwa, da kuma dacewar hukuncinsa da gaskiyar halin mutumin. Akwai likitan da ke laƙaba wa mutane da yawa ciwon damuwa amma ba waɗanda suke da shi ba, don haka yawan ganowarsa ba ƙwarewa ba ce. Abin da ya bambanta masu dacewa da sauran shi ne sha'awarsu ga halin mara lafiya, da kuma yadda suke tafiyar da ganawa.

A ƙarshen shekarun 1970 Goldberg ya je Charleston, a jihar Carolina ta Kudu a Amurka, inda ya samu damar gwada wannan tunani a kan likitoci 45 da ke samun horon zama likitocin iyali. Wurin ya dace, domin tun da aka amince da likitancin iyali a matsayin fanni mai zaman kansa a Amurka a 1969, ilimin halayyar ɗan Adam ya zama ɓangare na manhajarsa. An ɗauki ganawarsu da marasa lafiya a bidiyo, aka ƙirga abin da kowa ke yi, sai aka fitar da ɗabi'u goma da ke tare da dacewar hukunci. Babu wani abu mai wuyar fahimta a cikinsu. Likita mai dacewa yana haɗa ido da mara lafiya tun shigowarsa, yana tsayawa ya fayyace ainihin ƙorafin da ya kawo shi, yana farawa da tambaya mai faɗi wadda ke ba mutum damar yin bayani kafin ya matse zuwa tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a, yana nuna tausayi da baki, yana lura da kalmar da mutum ya jefa ya wuce, yana lura da fuska da murya da yadda mutum ya zauna, ba ya duƙufa a kan kati yayin da ake yi masa magana, ya san yadda zai dawo da mai yawan surutu kan hanya, kuma ya fi mayar da hankali kan abin da ke faruwa yanzu fiye da tonon tsohon tarihi. Daga nan aka ware waɗanda suka fi rauni, aka raba su gida biyu, aka zauna da kowane ɗan rukuni na farko ana nuna masa bidiyon kansa a 'yan zama kaɗan, rukuni na biyu kuma aka bar shi. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 1980 ya nuna dacewar hukuncin waɗanda aka horar ta ƙaru.

Wani bincike da Davenport da Goldberg da Millar suka buga a 1987 ya ƙara wani haske wanda, a ganina, shi ne ginshiƙin lamarin gaba ɗaya. An ɗauka da farko cewa likita mai rauni yana kasa ganin alamun da ke gabansa ne. Sai bidiyo ya nuna cewa marasa lafiyar da ke gaban irin wannan likita alamun da suke fitarwa ma ba su da yawa, domin halin likitan ne ke sa su rufe baki. Idan likita yana gaggawa, yana katse magana, yana jero tambayoyin jiki ɗaya bayan ɗaya, mara lafiya yakan fahimta cikin daƙiƙoƙi cewa nan ba wurin kawo maganar zuciya ba ne, sai ya daidaita muryarsa ya tsaya kan ciwon gwiwa. Ma'ana, likitan da kansa yake share shaidar da zai dogara da ita, sannan ya rubuta a kati cewa bai ga komai ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Yadda zaman koyarwar yake

Koyar da mutum ɗaya-ɗaya yana cin lokacin malami, saboda haka a shekarun 1980 aka mayar da tsarin na rukuni. An ɗauki dabarar ganawa da Art Lesser ya tsara a Jami'ar McMaster ta Kanada, wadda ke farawa daga matsalar da mara lafiya ke ciki a yau, aka haɗa ta da bidiyo, kuma Linda Gask ce ta jagoranci gwajin. Likitoci 'yan kaɗan, waɗanda ba su wuce a zauna a zagaye tebur ɗaya ba, suna haɗuwa sau ɗaya a mako na tsawon watanni. Kowa yana kawo kaset na ganawarsa ta gaske da mara lafiya na gaske, wanda aka ɗauka a asibitin da yake aiki bayan an nemi izinin mara lafiyar.

Ƙa'idojin zaman su ne suka sa ya yi aiki. Mai kaset shi ke fara magana, ya faɗi abin da ya ba shi wahala da abin da yake so a taimaka masa a kai. Kowa yana da ikon tsayar da kaset a inda ya ga wani abu, amma wanda ya tsayar don ya yi gyara wajibi ne ya faɗi ainihin kalmomin da shi zai furta a wannan gurbi. Ba a yarda mutum ya ce “da ka nuna tausayi” ya yi shiru ba, sai ya faɗi jimlar kamar mara lafiyar na gabansa. Wannan ƙa'ida tana kashe suka maras amfani, domin wanda ya san za a ce masa ya gwada yakan yi tunani kafin ya buɗe baki, kuma tana mayar da nasiha ta zama abin da za a iya ɗauka a yi aiki da shi gobe da safe. Malami kuma yana tsayar da kaset a inda mara lafiya ya sauke murya ko ya kau da kai, ya tambayi rukuni abin da suka gani, kafin ya faɗi nasa. Ana kuma ambaton abin da mai kaset ya yi daidai kafin a shiga gyara, saboda sabon likita da aka kunyata a gaban sa'o'insa ba zai sake kawo kaset mai wahala ba, sai dai ya zaɓo wanda komai ya tafi lami lafiya.

Yana da kyau a kwatanta wannan da abin da ya gabace shi. Tun 1950 Michael Balint ya fara tara likitocin iyali a asibitin Tavistock na Landan suna tattauna marasa lafiyar da suka dame su, kuma tasirinsa a kan likitancin iyali yana da girma har yau. Sai dai a zaman Balint likita yana ba da labari ne daga abin da ya tuna, ana kuma nazarin abin da yake ji a ransa game da mara lafiyar. Abin da likita bai lura da shi ba, ba zai zo cikin labarinsa ba. Kaset kuwa yana kawo abin da ya wuce shi, har da lokacin da wata mara lafiya ta ce tun da abin nan ya faru ba ta barci, shi kuma ya tambaye ta ko ciwon yana sauka zuwa ƙafa. Tsarin Manchester bai damu sosai da zurfin ran likita ba, ya fi damuwa da abin da bakinsa da idonsa suka yi a minti na biyu na ganawa, kuma wasu mabiya Balint suna ganin wannan a matsayin taƙaita sana'ar. Ina ganin suna da ɗan abin faɗa, amma ɗabi'ar da za a iya gani ita ce za a iya koyarwa a cikin shekara guda ta horo, ita ce kuma za a iya aunawa.

Rahotannin da aka buga a 1987 kan gogaggun likitoci da kuma 1988 kan masu samun horo sun nuna canji a fili: an fi lura da alamu, an fi fayyace matsala, an fi ba da shawarar da ta dace da ita. Bibiyar da aka yi daga baya ta nuna ƙwarewar ba ta gushe ba bayan fiye da shekara guda. An kuma horar da gogaggun likitocin da ke rainon sababbi domin su riƙa koyarwa da kansu, abin da ya fitar da aikin daga hannun likitocin ƙwaƙwalwa ya mayar da shi cikin gidan likitancin iyali. Zuwa shekarun 1990 kallon bidiyon ganawa ya zama ruwan dare a horon likitocin iyali a Birtaniya, har ya shiga cikin jarrabawarsu, ko da yake ba Manchester kaɗai ce ta kawo hakan ba.

Mai ciwon jiki da gwaji bai nuna komai ba

Ɓangaren da ya fi jan hankalin likitoci shi ne na mutanen da ke zuwa da ciwon jiki alhali tushensa damuwa ce. A 1989 Goldberg da Gask da O'Dowd suka tsara hanya mai mataki uku. Da farko likita zai tabbatar mara lafiya ya ji an fahimce shi, ta hanyar sauraron cikakken labarin ciwon, da tambayar barci da yanayin gida da aiki, da jin abin da shi kansa yake zaton yana damunsa, sannan a duba jikinsa da gaske. Sai a faɗaɗa magana, a gaya masa abin da dubawar ta nuna, a amince cewa ciwon da yake ji na gaske ne, a tuna masa sauran abubuwan da ya ambata. A ƙarshe a haɗa masa biyun da bayanin da zai shiga hankali, misali yadda fargaba ke ɗaure jijiyoyin wuya har kai ya yi ciwo, ko yadda ciwon ke tsananta a ranakun da rigimar gida ta tashi. Manufar ita ce a kauce wa jimlar nan da ke kashe ganawa, wato a ce wa mutum ba abin da ke damunsa. An yi kaset na koyarwa, kuma hanyar ta yaɗu zuwa wasu ƙasashen Turai kamar Denmak da Holan da Jamus.

Inda aikin ya ci tura

Tambayar da ta rage ita ce ko canjin da aka gani a bakin likita yana kai wa ga samun sauƙin mara lafiya. A nan labarin ya juya. Abin da ya ƙarfafa gwiwar masu koyarwa a lokacin shi ne gwajin tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, inda aka horar da likitocin tsibirin kan ciwon damuwa a 1983 da 1984, aka ga yawan kashe kai ya ragu, musamman a tsakanin mata. Amma zuwa 1988 alƙaluman sun koma kusa da inda suke, kuma tsibirin ƙarami ne, babu wani rukuni da aka ware da ƙuri'a don kwatantawa. Da aka yi babban gwaji a gundumar Hampshire ta Ingila, da asibitocin likitocin iyali 60, sakamakon da aka buga a 2000 ya nuna likitoci sun yaba da horon, amma bai ƙara yawan ganowa ba kuma bai ƙara yawan masu warkewa ba.

Ana iya cewa horon Hampshire na jagorar aiki ne da tarurruka, ba na bidiyo ba. Sai dai gwajin da Gask da kanta ta jagoranta, wanda aka buga a 2004, ya yi amfani da dabarun Manchester a kwas na sa'o'i goma kan ciwon damuwa, kuma marasa lafiyar likitocin da aka horar ba su fi sauran samun sauƙi ba. Haka gwajin da Richard Morriss ya jagoranta a asibitoci 16, wanda aka buga a 2007, kan hanyar nan mai matakai ta masu ciwon jiki da gwaji bai nuna komai ba: likitoci sun koyi yin bayanin, an ji shi a kaset, amma lafiyar marasa lafiya ba ta inganta ba. A daidai wannan lokaci Peter Salmon da Christopher Dowrick da abokan aikinsu a Liverpool suna sauraron ganawar irin waɗannan marasa lafiya, sai suka tarar da abin da ya saɓa wa zaton kowa. Mafi yawansu suna buɗe ƙofar maganar damuwa da kansu, kuma sau da yawa likita ne ke fara kawo shawarar magani ko gwaji ko turawa wani sashe, ba mara lafiya ne ke matsa masa ba. A 2011 Gask da Dowrick da Salmon da Peters da Morriss suka buga sharhin da suka amince a cikinsa cewa hanyar ta sauƙaƙa lamari fiye da kima ga masu ciwon da ya daɗe.

Dalilan wannan giɓi ba ɓoyayyu ba ne. Gano ciwon damuwa mataki ne guda a cikin doguwar hanya. Mara lafiya sai ya yarda da bayanin, ya sha ƙwayar na makonni kafin ya ga amfaninta, ya jure wa tashin zuciya ko jirin da takan sa a kwanakin farko, ya dawo a ranar da aka ba shi, a ƙara masa ko a canza idan ba ta yi ba. Likitan da ke da minti goma ko ƙasa da haka, wanda ba shi da mai bibiyar wanda bai dawo ba, zai iya yin ganawa mai kyau ranar Litinin sannan ya rasa mutumin har abada. Akwai kuma matsalar lissafi. Nazarin da Alex Mitchell da abokansa suka buga a 2009, wanda ya tattara bincike da yawa, ya nuna likitocin iyali suna gane kusan rabin masu ciwon damuwa, kuma a asibitin da mutum 20 cikin 100 ke da ciwon, za a gane 10, a rasa 10, a kuma laƙaba wa wasu 15 da ba su da shi. Waɗanda ake rasawa galibi masu sauƙin ciwo ne, waɗanda da yawansu kan warware da kansu, don haka ƙara yawan ganowa ba lallai ya motsa alƙaluman warkewa ba.

Abin da ya motsa su shi ne canza tsarin asibitin. A Seattle ta Amurka, Wayne Katon da abokan aikinsa sun gwada kulawar haɗin gwiwa tun tsakiyar shekarun 1990. A wannan tsari ana sanya ma'aikaci guda, sau da yawa nas, mai riƙe da jerin masu ciwon damuwa, yana kiransu, yana auna sauƙinsu da takardar tambayoyi, yana zama da likitan ƙwaƙwalwa a kai a kai don duba waɗanda ba su samu sauƙi ba, likitan iyali kuma yana ci gaba da rubuta magani. A gwajin IMPACT da aka buga a 2002, da tsofaffi 1,801 a asibitoci 18, kashi 45 cikin 100 na waɗanda aka kula da su ta wannan hanya alamunsu sun ragu da rabi ko fiye bayan shekara guda, idan aka kwatanta da kashi 19 a kulawar da aka saba. Gask tana cikin waɗanda suka gwada tsarin a Ingila a gwajin CADET na 2013, wanda ya haɗa da Manchester, kuma ya nuna amfani, ko da yake bai kai na Amurka girma ba. Wannan bai rushe koyarwar bidiyo ba, domin ma'aikacin bibiya ba zai samu sunan mutum a jerinsa ba sai likita ya fara gane shi, amma ya nuna iyakarta.

Abin da ya shafi Najeriya

Alaƙar wannan aiki da Najeriya ta kai tsaye ce. Ibadan da Manchester duka suna cikin cibiyoyi 15 a ƙasashe 14 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi babban bincikenta kan larurar ƙwaƙwalwa a asibitocin matakin farko, wanda aka buga a 1995, inda aka tace mutum kusan 26,000 da takardar GHQ, kuma Oye Gureje, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, yana cikin waɗanda suka tafiyar da ɓangaren Ibadan. Nazarin da Gregory Simon da abokansa suka fitar daga wannan bincike a 1999 ya nuna kashi 69 cikin 100 na masu ciwon damuwa da ƙorafin jiki kaɗai suka zo, kuma hakan ya fi yawa a cibiyoyin da mara lafiya ba shi da likita guda da ya saba gani. Wannan ya raunana tsohon zaton nan cewa mutanen Afirka da Asiya ba su san damuwa ba sai ta jiki. Da aka tambaye su kai tsaye, mafi yawansu sun faɗi abin da ke ransu. Tsarin asibiti, inda yau wannan likita gobe wancan, yana da hannu a cikin abin da mutum zai zaɓa ya faɗa.

Wanda ya san sashen sha-ka-tafi na manyan asibitocinmu ya san yanayin. Uwa ta zauna ta ce, “Likita, jikina ne duk ba daɗi, kaina kamar ana hura wuta, ga wani abu na yi mini yawo,” sai a rubuta gwajin maleriya da taifot. Tambayar da kaset ɗin Manchester ke koyarwa ba ta wuce a ajiye biro a ce, “Mama, kin ce tun bayan Sallah abin ya fara, me ya faru a gida a lokacin?” Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma tun 1991 manufar gwamnati ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya na matakin farko. Masu neman ƙwarewa a likitancin iyali suna zagayawa sashen ƙwaƙwalwa, amma tambayar da aka yi a Birtaniya tana nan daram, wato ko zama a asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa ko Kware ko Dawanau yana shirya likita ga abin da zai gani a layin safe. Kayan ɗaukar hoto da suka kasance masu tsada a 1985 yanzu suna cikin wayar kowane likita, sai dai neman izinin mara lafiya da tsare sirrinsa sun fi wuya a zamanin WhatsApp, kuma duk sashen da zai gwada tsarin sai ya fara da wannan.

Gwajin da Gureje da abokan aikinsa suka yi a jihar Osun da mhGAP, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da larurar ƙwaƙwalwa ga ma'aikatan da ba ƙwararru ba a fannin, wanda aka buga a 2015, ya horar da ma'aikata 198 daga asibitocin matakin farko 68 a ƙananan hukumomi 8, mafi yawansu nas-nas da jami'an lafiyar al'umma. Ba a tsaya kan kwas kaɗai ba, an haɗa shi da ziyarar sa ido da tallafi daga masu horarwa. Da aka sake auna su bayan wata 9, ilimin ya ɗan ragu daga inda yake a ranar kammala horo amma bai koma inda aka fara ba, kuma yawan masu larurar ƙwaƙwalwa da ake ganowa ana kula da su ko ana tura su gaba a waɗannan asibitoci ya ƙaru.